Bokitin Dila

Tun ranar da Josie ta faɗi sunan saurayinta a waya, Royce Tillery ya san abin da zai yi ranar wasan ƙwallon jami'o'in Calloway da Tarver. Wyatt Ledbetter, in ji ta, ɗan aji uku a Tarver, babansa Dwight yana sayar da taraktoci. Royce ya ce wa 'yarsa madalla, ya miƙa wa matarsa Nadine wayar, ya fita ya tsaya bakin shinge ya daɗe bai shigo ba.

Shekara talatin da ɗaya ke nan da abin ya faru. A lokacin Royce ne Dilan Jami'ar Calloway. Duk ranar wasa shi ke shiga rigar nan ta jan gashi mai ƙaton kai da doguwar wutsiya, ya yi ta tsalle a gefen fili yana zuga jama'a. Dokar rigar biyu ce: Dila ba ya magana, kuma ba ya cire kai a gaban kowa. Ba a sanin wanda ke ciki sai ranar yaye ɗalibai, in ya fito karɓar takardarsa sanye da ƙafafun Dila maimakon takalmi.

Iyayensa kaɗai ya gaya wa, a wasiƙa. Babansa leburan masaƙa ne, bai taɓa shiga filin wasa ba, amma ya roƙi hutun kwana ɗaya, suka yi tafiyar awa biyar shi da matarsa don su ga ɗansu ranar wasan Tarver. Da hantsin ranar wasu samari huɗu cikin kayan ma'aikata suka ce wa Dila mai hoto na jiransa a bayan fili. Da ya bi su, suka tura shi cikin motar ɗaukar shanu, ba su sauke shi ba sai a wata gonar aladu mil ashirin daga gari. A nan suka danne shi, ɗayansu ya sa almakashin askin tumaki ya datse wutsiyar. Royce ko tari bai yi ba. Ta ragar da ke bakin Dila ya ƙare wa mai almakashin kallo, ya kuma ji sauran suna ce masa, "Yi sauri mana, Ledbetter!"

Sai bayan an tashi wasa ya iso gari a ƙafa. An ci Calloway. Babansa yana tsaye jikin mota, abin da ya ce kawai shi ne, "Mun duba ko'ina, ba mu gan ka ba." Ranar yaye ɗalibai, Royce ya fito da takalminsa na kullum. Nadine ma, da suka haɗu daga baya, bai taɓa gaya mata ba.

Asabar ɗin wasa ta zo da rana mai kyau. Tun da safe iyaye suka cika kurmin jami'a da jajayen rumfuna, hayaƙin gashi ya tokare ƙarƙashin itatuwa. Nadine ta shimfiɗa farin ƙyalle a tebur ta jera soyayyar kaza da dafaffen ƙwai, Royce kuwa ya tsaya kan haƙarƙarin da ya sa a wuta. Josie ta rungume su, ta zana jan layi a kumatun uwarta, sannan ta ja babanta gefe.

"Baba, don Allah ban da kiran 'yan Tarver masu tatsar shanu yau. Baban Wyatt yana da surutu, amma mutumin kirki ne."

"Ni da nake gashi? Bakina ma ba zai buɗe ba."

Kafin a ga Dwight Ledbetter an ji muryarsa. Ya yi ƙiba, gashi ya zube, amma dariyar tana nan yadda Royce ya san ta. Koriyar riga ce irin ta 'yan Tarver a jikinsa, ga malafa, a jikin malafar kuma an ɗinke wata tsohuwar wutsiya da janta ya koɗe.

"Mis Nadine, Allah ya saka! Ashe 'yan Calloway sun iya girki? Ni na ɗauka sai karatun lauya da kuka bayan wasa."

"Zauna ka ci, Mista Ledbetter," in ji Nadine. "Ga cokali nan, in an koya muku amfani da shi a Tarver."

Dwight ya ƙyalƙyale har da buga cinya. Ya kama hannun Royce ya girgiza. "Kai ne surukin nawa? Ɗan'uwa, ka yi haƙuri da abin da za mu yi muku yau. Wace shekara ka gama?"

Royce ya faɗa.

"Kai! To ai da kai aka yi!" Ya ciro malafar ya kaɗa wutsiyar. "Ka gane wannan?"

"Baba, kar ka fara," in ji Wyatt.

Ya riga ya fara. Ya ba da labarin tun daga kayan ma'aikata har zuwa aladun da suka kewaye Dila suna shinshina shi. Ya tashi ya kwaikwayi tafiyar Dila a bakin titi, hannu a baya yana laluben inda wutsiya take. Mutanen rumfar kusa ma sun matso, suna tsaki suna dariya. Royce ya saurara har ƙarshe, yana juya nama ɗaya bayan ɗaya.

"Shi na cikin rigar fa?" ya tambaya.

"Oho masa! Mun yi mun yi ya cire kai, ya ƙi. Wani dolo ne dai. Wataƙila yana can har yau yana kiwon aladu."

Royce ya ɗora masa haƙarƙari mafi tsoka a faranti, ya ce wa Nadine ƙanƙara ta kusa ƙarewa, bari ya je ya samo.

Mako uku kafin nan ya buga wa ƙungiyar tsofaffin Dila waya. Al'ada ce ranar Tarver a ba ɗaya daga cikinsu rigar ya zaga rumfuna kafin wasa, shi kuwa bai taɓa nema ba, don haka ba a ja masa rai ba. Zagayen yana tafe da bokiti. Dila kan zaɓi baƙo ɗaya mai koren kaya ya yi masa wanka, mutum ya runtse ido ya ƙanƙame jiki, sai a ga ashe yankakkun jajayen takardu ne. Yaro da babba a jihar kowa ya san da haka.

Royce ya biya ta motarsa ya ɗauko jarka biyu. Sukari ne ya dafa ya yi kauri kamar zuma, ya juye masa jan rinin kek kwalba shida. A ɗakin canza kaya ya zubar da rabin takardun, ya tuttula haɗinsa a bokitin, ya barbaɗa sauran a sama.

Rigar sabuwa ce, amma warin ciki bai canza ba. Da ya sa kan, duniya ta dawo 'yar raga a gabansa, numfashinsa na dukan fuskarsa. Gwiwoyinsa ba su yarda da tsalle ba, sai ya bi bayan makaɗa da taƙama, bokitin na jan kafaɗarsa. Yara suna taɓa shi, ɗalibai suna ihu, "Wanka! Wanka!" Ya wuce wata mata mai koren gyale. Ya wuce samari uku da ke ta nuna kansu. Bai tsaya ba sai a gaban rumfarsa.

Josie ce ma ta fara tsalle. "Dila! Ga ɗan Tarver nan, har da wutsiyarka!"

Dwight ya aje faranti ya fito fili. Ya ciro malafa ya rusuna, ya kaɗa wa Dila wutsiyar a hanci, sannan ya buɗe hannuwa ya turo ƙirji ya ɗaga fuska sama.

"Zuba, yaro, zuba! Takarda ce, na san wannan tun ba a haife ka ba!"

Royce bai yi gaggawa ba. Ya ɗaga bokitin da hannu biyu, ya karkata shi a hankali daidai tsakiyar sanƙon. Abin ya sauko da nauyi, ya rufe ido da buɗaɗɗen baki, ya bi wuya ya shige riga, ya gangara har cikin takalmi. Takardun suka manne masa kamar an fige kaza an fasa. Kurmin ya ɗauki sowa gaba ɗaya, wayoyi suka tashi sama.

Dwight ya share ido ya dunƙule hannu. Wyatt ya riƙe shi. "Baba, Dila ne! Ana ɗauka!" Ba a dukan Dila, shi ma ya sani. Dole ya yage baki yana dariyar da ba ta kai ciki ba, ja na ɗiga daga haɓarsa. Dila ya sunkuya ya ɗauki malafar da ta faɗi, ya fizge wutsiyar, ya ɗaga ta kowa ya gani, ya mayar masa da malafar a kai ya danna. Ya juya ya bi makaɗa.

Da Royce ya dawo cikin kayansa, ya tarar da Dwight zaune ba riga, Nadine na zuba masa ruwa, ƙudan zuma na zagaya shi. Sukarin ya fita, rinin ya zauna daram. Josie ta kusa kuka.

"Baba, ka ga abin da aka yi? Wannan ba al'ada ba ce, mugunta ce! Yallaɓai, ka yi haƙuri, ni na nuna ka."

Wannan ta ɗan soki Royce. Ya duba zuciyarsa ko akwai nadama, bai samu ba.

"Yaran yanzu ba su da ta ido," ya ce. "Sannu, ɗan'uwa. Ai ba ka shiga fili haka ba. Ina da wata riga a jaka."

Ya ciro ta. Ja ce wur, an rubuta A TATSE TARVER a ƙirji. Dwight ya dube ta, ya dubi tasa da ke yashe a ƙasa tana tara kiyashi. Makaɗa sun riga sun nufi fili, masu gadi kuma ba sa barin mutum ya shiga ba riga.

"Ba wata?"

"Duk kurmin nan ja ne."

Ya sa. Ta matse shi a tumbi.

Kujerun su Royce suna can sama, suna fuskantar ɓangaren baƙi, inda 'yan Tarver dubu takwas suka yi kore shar. Ya karɓi madubin hangen nesa a hannun Nadine ya bi layi-layi har ya samo shi: ɗigon ja guda ɗaya, kai ja, riga ja. Na bayansa suna jifansa da kofunan takarda. Wata tsohuwa ta tsaya a kansa tana nuna masa hanyar fita, shi kuma yana ta bayani da hannuwa, yana nuna malafa, yana nuna Wyatt da ya matsa kujera biyu.

Filin ya girgiza da ihu daga wancan ɓangaren.

"Sun sake ci," in ji Nadine. "Maki sha huɗu ke nan, mu ko ɗaya."

"To."

"Ƙanƙarar fa?"

"Ta ƙare."

Ta sa yatsu biyu ta ciro wani silin jan gashi daga wuyan rigarsa, ta dube shi, ta hure.

"Kar Josie ta ji," ta ce. "Ko bayan aure."

Royce ya gyaɗa kai bai sauke madubin ba. Tsohuwar ta kira mai gadi, ga shi nan yana hawowa. Ya murɗa madubin kaɗan don fuskar ta fito sosai.