Akawun da Ke Shanye Tumbi a Gaban Tela

Babban akawun kamfanin nan maƙaryaci ne, kuma ƙaryarsa ta fi ta kowa wauta, domin tef ɗin tela yake yi wa ita. Duk sanda aka zagaya masa tef a ƙugu, sai ya ja numfashi ya shanye tumbi, ya ƙame kamar soja, har sai an rubuta awo. In ɗinki ya fito ya ƙi shiga, ya cika shagon da faɗa, wai teloli ɓarayin yadi ne. Da haka ya ɓata sunan kusan duk mai keken ɗinki a layinsu.

Sif ɗinsa a cike yake har ƙofar ba ta rufuwa. Ga kwat, ga wanduna, ga riguna, wasu ko daga leda ba a fitar da su ba. Ba ya iya wuce shagon da aka ce ana rangwame. In abu ya yi masa kyau a rataye sai ya saya bai gwada ba, yana cewa ai wata mai kamawa zai fara motsa jiki. A duk tulin nan, abin da ke shigarsa riga biyu ne da wani wando ruwan toka mai roba a ƙugu. Da su yake zuwa ofis har wuyan rigunan ya koɗe.

Matarsa ta yi magana har ta gaji.

"Maigida, mu fito da kayan nan mu baje a gado. Wanda ya shige ka mu ajiye, wanda ya ƙi ka ba ƙannenka, ga su nan kamar sillen kara. Sai ka ɗinka kala uku masu kyau daidai jikinka, ka huta."

"Daidai wane jikin? Wannan ai kumburi ne, zai saɓe."

"Kumburin da ya girmi autanmu?"

Ya tashi ya bar mata ɗakin.

Ana nan sai kamfani ya buɗe sabon reshe, aka ce shugaban kamfanin da kansa zai gana da mutum biyu, wato akawu da mataimakinsa, ya zaɓi manaja a cikinsu. Akawu ya daɗe yana mafarkin kujerar nan, ga ofis mai ƙofarsa, ga mota. A aiki kuwa ya fi mataimakin nesa ba kusa ba, kowa ya san haka. Abin da ya rage kawai ya shiga, ya amsa tambayoyi, ya fito.

Ya sayo yadi baƙi mai tsada, ya nufi wani tsohon tela a ƙarshen layi, shi kaɗai ya rage da zai karɓi aikinsa. Tef na taɓa shi, tumbi ya ɓace.

"Yallaɓai, saki jikinka."

"A sake nake," in ji akawu da wata siririyar murya.

"To yi mini doguwar magana in ji."

"Malam, auna. Sauri nake."

"Zan ƙara maka yatsa biyu a ƙugu, saboda zama."

"Ka ƙara ko zare ɗaya, ba zan karɓa ba. Buhu na ce ka ɗinka mini?"

Tela ya ɗaga kafaɗa ya rubuta abin da tef ya nuna.

Ranar ganawa, sai da akawu ya kwanta rigingine a gado, matar na jan wannan gefe yana jan wancan, kafin maɓallin wandon ya shiga. Ita ta ɗaura masa igiyar takalmi, don hannunsa bai kai ba.

"Ga mai robar nan na goge," ta ce. "Wallahi babu wanda zai kalli ƙugunka."

"Manaja da wandon roba? Ke dai ba ki san zamani ba."

"To Allah ya kiyaye hanya. In maɓallin ya tashi ka ce wa mutane su sunkuya."

A madubi kam ya yi kyau, ba laifi. A bas ya tsaya riƙe da ƙarfe duk da akwai kujeru, domin da ya ɗan lanƙwasa gwiwa ya ji ɗinkin baya yana ƙara a hankali.

Shugaban dattijo ne mai furfura, yana dogara sanda. Ya nuna masa wata kujera mai laushi, irin gajerun nan da mutum ke nutsewa a ciki.

"Bismillah, zauna."

Akawu ya dubi kujerar. In ya zauna, wandon zai tsage tun daga ƙugu har cinya a gaban manyan kamfani. Gaba kura, baya siyaki.

"Na fi son tsayuwa, ranka ya daɗe."

"Maganar da tsawo. Zauna mana."

"Haka ma ya yi."

Dattijon ya kalli na kusa da shi. Aka fara tambayoyi. Akawu ya san amsar kowacce, amma numfashinsa rabi ne, sai yake yanko su gajeru-gajeru, ƙirji a gaba, haɓa a sama, yana kallon mutanen daga bisa kamar mai ba da umarni.

Can sai sandar dattijon ta zame daga jikin tebur, ta gangaro ta tsaya daidai kan takalmin akawu. Yaro ƙarami ma ya san abin da ake yi. Akawu ya kalli sandar, ya ji maɓalli na cizon cibiyarsa, ya ɗauke kai ya kafa wa bango ido. Dattijon ya jira. Daga bisani ya dafa tebur, ya taso da ƙyar, ya sunkuya a gaban akawu yana nishi, ya ɗauki abarsa.

"Mun gode," ya ce. "Kana iya tafiya."

Da akawu ya buɗe baki ya faɗi gaskiya, da dariya za a yi a wuce wurin. Amma wanda ya kasa gaya wa tela faɗin ƙugunsa, ina zai iya gaya wa shugaba? Ya fita yana takawa a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

Wandon bai yage ba. Aka ba mataimakinsa reshen da motar. Shi kuwa aka ce mai girman kai ba ya zama inda baƙi ke shigowa, aka mayar da shi ɗakin ajiyar tsofaffin takardu a bayan ginin, kuma can ya yi ritaya.