Tip Ba Ya Ci Sai da Fito

"Ci mana, ɗan banza," in ji Lorna. "Wannan gwangwanin ya fi abin da na ci jiya tsada."

Karen, Tip, ya dubi kwanon, ya dube ta, ya mayar da haɓarsa kan ƙafafunsa. Ko sansanawa bai yi ba. Tana durƙushe a barandar maƙwabcinta, gwiwoyinta na zafi, ƙudaje har sun fara taruwa a kan naman.

Ta taga mai raga, daga kan gado, maƙwabcin, Wal Doolan, ya yi magana ƙasa-ƙasa. "Wane iri kika sayo masa?"

"Mai hoton kare yana dariya. Yarinyar kanti ta ce shi ya fi kyau."

"Ruwa ne da kala. An yi miki wayo."

"To sannu, mai kare. Tashi ka zo ka ba shi da kanka."

Ba zai iya tashi ba, kuma dukansu sun sani. Huhunsa ya gama aiki. Kwana huɗu ya yi a asibitin Dubbo, kwana huɗun nan Tip bai sa komai a baki ba sai ruwa. Da labari ya je masa, ya ce a sallame shi, ya dawo gida da robar iska a hanci.

Laifinsa ne, shi ma ya yarda. Shekara arba'in ya yi yana kora tumaki a can yamma, inda masu gonaki ke yar da nama mai guba saboda karnukan daji. Ya taɓa rasa karnuka biyu rana ɗaya, a gabansa, yana kallo. Tun daga ranar duk karen da ya raina sai ya hore shi kada ya ci komai, a ƙasa ko a hannun mutum, sai ya ji fitonsa: yatsa biyu a baki, dogo ɗaya, gajeru biyu. Tip ne na ƙarshe, kuma ya fi sauran ɗaukar karatun.

Lorna ta ji motsi a ɗakin. Wal ya zare robar, ya tattara ɗan numfashin da ke gare shi, ya yi fiton. Siriri ne, kamar buta ta fara tafasa. Nan take Tip ya miƙe ya share kwanon tas. Shi kuwa tsohon ya yi kusan rubu'in awa yana neman iska, leɓɓansa sun yi shuɗi.

"Za ka kashe kanka a kan kare," in ji ta, tana mayar masa da robar.

"Ciwo ya riga shi," in ji Wal.

Ita ba mai son karnuka ba ce. Shekara goma sha ɗaya suna faɗa da Wal ta kan shinge, a kan tumatirinta da Tip ya tone, a kan haushi, a kan komai. Ba ta san yadda aka yi aikin ya dawo kanta ba. Babu dai kowa a layin da ke gida da rana sai ita.

Ran Lahadi 'yarsa Raelene ta iso daga Sydney. Mace ce mai zafin nama, a bene na tara take zaune, inda ba a yarda da ko kyanwa ba. Ta ɗauki fiton baban a waya, ta kai gaban Tip ta kunna. Ya sansana wayar, ya juya mata baya. Ta gwada sau biyar.

"Baba, ba zan zuba ido ya mutu da yunwa ba," ta ce. "Na yi magana da likitan dabbobi. Ya ce zai iya zuwa har gida ya yi masa allurar mutuwa."

"Daidai ne," in ji Wal. "Gara allura. Mu a da bindiga muke sa wa, ranar da aka binne mai shi."

"Kai, ku ji wannan mutum!" in ji Lorna. "Lafiyayyen kare?"

"Ke za ki riƙe shi?"

"Ni na ce haka? Da fanshon da ko ni bai riƙe ni ba?"

"Ɗauko takarda," in ji Wal.

Kwana biyu ya ɗauka yana faɗa wa Lorna tana rubutawa, kalma uku ya huta, kalma uku ya huta. Ta manta da gwangwani. Busasshen abinci na buhu za ta saya, babban buhu, kada ta kalli hoto, ta juya baya ta karanta. In abin da aka fara rubutawa nama ne ta ɗauka, in hatsi ne ta ajiye. Ran Alhamis ta je wurin Gus mahauci kafin ya rufe, yana tara wa Wal wuyan kaji da guntun naman kangaru a kusan kyauta. Wuyan ɗanye za ta ba shi, dafaffen ƙashi yana tsaga hanji. Ta dafa shinkafa da kabewa tukunya guda, ta raba a firji. Kifin gwangwani ɗaya a sati, saboda gashi. Albasa kuwa ko kusa.

"Ya fi ni cin daɗi," in ji Lorna.

"Ya fi ki aiki."

Saura fiton. Ta sa yatsu a baki yadda ya nuna mata, ta hura. Haƙoran robarta na sama suka yi tsalle suka faɗa kan bargonsa. Wal ya yi dariya har sai da Raelene ta rugo daga kicin ta ƙara masa iska.

"Cire su gaba ɗaya," ya ce da ya samu magana. "Naɗe leɓe a kan dasashi. Na san wani makiyayi, ko haƙori ɗaya babu, daga mil guda kare ke jin sa."

"Ka ji ni da tsohon banza. Marigayi mijina ma bai taɓa ganin bakina haka ba."

Ta ɗauki haƙoranta ta tafi gida cikin fushi. A bayan ɗakin wanki, inda ba mai ganin ta, ta gwada. Iska ce kawai ke fita, sai yawu.

Ran Talata Wal ya sa yatsu a baki, bai samu komai ba. Ya sake, ya sake. Ya sauke hannun a kan bargo ya juya fuska bango. Ran Laraba da la'asar ya rasu, Raelene na riƙe da hannunsa, rediyo na faɗin farashin ulu. Lorna tana shanya lokacin. Da ta ga an ja labulen tagar ta gane.

Maƙwabta suka yi ta kawo abinci a faranti kamar yadda aka saba. Wata ta miƙa wa Tip yankan naman alade, ya kau da kai. Haƙarƙarinsa ya fara nunawa. Raelene ta ce likitan dabbobin zai zo Juma'a ƙarfe goma, jana'iza kuma Litinin, tana so ta gama komai kafin ta koma.

Ran Alhamis Lorna ta tsinci kanta a shagon Gus.

"Na Wal?" ya tambaya, ya riga ya ɗauko ƙunshin. "Na ji an ce karen ma gobe ne."

"Ka ji da yawa. Miƙo."

Juma'a ƙarfe tara da rabi ta shiga da kwano: shinkafa, kabewa, wuyan kaza biyu a sama. Raelene na zaune a matakala da kofin shayi, idanu a kumbure. A tsallaken titi matar Petrovic na ba furanni ruwa, mai kai wasiƙa ya tsaya da babur suna hira. Lorna ta ajiye kwanon. Ta dube su duka, ranta ya ɓaci da kunya tun kafin ta fara. Ta zare haƙoran ta jefa a aljihun riga.

Na farko iska. Na biyu yawu ya zubo mata har haɓa. Mai wasiƙa ya daina magana. Ta goge baki, ta naɗe leɓe, ta hura har kanta ya yi juwa. Motar likita ta shawo kwana ta tsaya a bakin ƙofa, ya fito da jakarsa, minti goma kafin lokaci.

"Lorna," in ji Raelene a hankali. "Kin yi iya yinki."

Lorna ta sake cusa yatsun. Sai ga shi ya fito, a karkace, mai kaushi, amma fito ne. Dogo ɗaya. Ta ja numfashi. Gajeru biyu.

Tip ya zabura. Bai je wurin kwanon ba. Ya ruga ƙofa, ya ture ragar da hanci, ya shige ɗakin Wal yana kaɗa wutsiya. Suna jin faratansa a kan katako, ya zaga gadon da aka riga aka yaye wa zanen gado, ya shiga kicin, ya dawo ɗakin. Raelene ta rufe fuska da hannu biyu.

Can ya fito, wutsiya a ƙasa. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon Lorna, ya daɗe. Sannan ya taka zuwa kwanon ya ɗauki wuya ɗaya.

Likitan na tsaye a bakin shinge, hannunsa a kan sakata, bai buɗe ba. Ba abin da ake ji a layin sai ƙarar ƙashi, ƙurus, ƙurus, da ruwan matar Petrovic da ya cika tukunyar fure yana malala kan titi.