Ɗigo a Ƙarƙashin "Me"

"Forgive," in ji Khala Barakatu (Khala, wato inna da Larabci), ta sauke numfashi kamar wadda ta sauke tulu.

"Saura," na ce.

"Saura me? Halas, shi ke nan, na faɗa."

"Khala, Turanci ba ya barin magana a rataye haka. Sai kin faɗi wanda za a yafe wa."

Ta harare ni daga kan katifa. Ciwon hanta ya cinye ta har ƙashin wuya ya fito, amma hararar tana nan yadda na san ta tun ina yarinya. Ni Mastura, shekara goma sha ɗaya ina koyar da Turanci a falon gidanmu a unguwar Mahjar ta Jidda, ban taɓa samun ɗaliba mai taurin kai irin wannan tsohuwa ba, kuma kwana huɗu kacal gare mu.

Duk lungunmu Jawiya ake ce mata, ita kuwa ta gaji da faɗa mana cewa ita Musulmar Vietnam ce, ba ta taɓa ganin Jawa ba. Ta zo aikin hajji tana bazawara, ta bar ɗanta Abdulghani mai shekara huɗu a hannun yayarta. Rashin lafiya ya tsare ta a Jidda 'yan watanni, kafin ta miƙe ƙasarsu ta juye, hanya ta toshe a 1975. Daga baya ta auri Malam Usuman tela, danginsa suka sa mata Barakatu, ta koyi Hausa har tana yi wa mutane habaici da ita. Ba su haihu ba, shi kuma ya rasu tuntuni.

A hajjin da ya wuce ne wani alhaji ɗan garinsu ya gane ta, ya ce ai yaron yana raye a Amurka, ya kuma kai masa adireshinta da lambar wayata. Wasu Turawa ne suka raine shi, yaren uwarsa ya zube masa kaf. Wasiƙarsa ta iso bayan likita ya sallamo ta gida, layi uku ce ba ko gaisuwa: zai kira ranar Juma'a, yana so ya ji dalilin da ya sa ta bar shi. Na ce zan yi mata tafinta. Ta ce a'a, gafara ba a aika ta da ɗan saƙo, da bakinta za ta roƙa.

"Mu a yarenmu," ta ce, "in an san abin da ake magana a kai, ba a maimaita shi. An tambaye ki kin ci shinkafa, ki ce na ci. Ku ma Hausawa haka kuke. Na gani. Na yafe. Wa ya taɓa tsayar da ke ya ce kin yafe wa wa?"

Gaskiyarta ce, abin ya ba ni haushi. Na jawo littafi na raba shafi biyu, Turanci a dama, nata a hagu, na shiga yi mata bayanin karɓau, wato wanda aikin ya faɗa a kansa. Na nuna mata yadda Bature yake sauya kalma in aiki ya faɗo masa: in shi ya yi, ya ce I, in shi aka yi wa, ya ce me.

"Munafunci," ta ce. "Mutum ɗaya suna biyu. Mu kalmar ba ta sauya riga, wuri kawai take sauyawa. Kuma wace uwa ce za ta ce wa ɗanta ni da kai, kamar a kasuwar Balad? Uwa tana son ɗa, haka ake cewa. Ɗa ya yafe wa uwa."

"To shi bai san wannan ba, Khala. Yalla, karanta."

Na rubuta mata Forgive me da manyan baƙaƙe. Ta sa tabarau, ta matso da littafin kusa da hanci. Sai ta miƙo hannu.

"Ba ni biro."

Ta ɗiga ɗigo ɗaya a ƙarƙashin wasalin ƙarshe. Ta karanta shi "me", kamar Bahaushe yana tambaya, sai dai gajere, daga ƙasan maƙogwaro.

"Mi ake cewa, Khala, ba me ba."

"Ya binti, 'yata, wannan kalmarmu ce. Mẹ. Uwa ke nan. Ashe Baturen yana da hankali, ɗigon kawai ya manta."

Kwana uku ina gyara mata, kwana uku tana ƙi. Na yi fushi sosai, don tsoro nake ji kada ɗan nata ya kasa ganewa, ya ɗauka shirme take yi, damar da ta jira shekara talatin da huɗu ta tafi a banza.

Ranar Juma'a bayan la'asar jawwal ɗina, wato wayar hannu, ya yi ƙara. Na kashe mukayyif mai sanyaya ɗaki don a ji sosai, na buɗe muryar, na ajiye wayar a kan matashinta. Muryar namiji ce, a bushe, irin ta mai karanta takarda. Ya gaishe ni, ya ce in gaya mata yana saurare. Na taɓa kafaɗarta.

"Abdulghani," ta ce. "Forgive mẹ."

Na rufe ido, na ce shi ke nan ta ɓata. Ina jiyo mai sayar da gas yana buga tukunyarsa a bakin titi. Can sai muka ji numfashinsa ya karye.

"Mẹ," ya ce. Ya faɗe shi daidai yadda ta faɗa, gajere, daga ƙasan maƙogwaro. Ya sake faɗa, ya kuma sake, kamar yaron da ya ɓata a kasuwa.

"Me ya ce?" ta tambaye ni, don kunnenta ya yi nauyi.

"Kiran ki yake yi, Khala."

"To ki ce masa na amsa."

Kuka ya hana ni fassarawa, sai da na fita tsakar gida na wanke fuska. Tambayar da ya shirya bai ƙara tayar da ita ba. Sun yi kusan awa guda, ina tsakiya ina kai da kawowa, ya ce zai nemi bizar umra a satin nan.

Ba ta jira shi ba. Ranar Talata da hantsi ta cika, ina shafa mata zamzam a leɓe, fuskarta a sake.

Ya iso bayan kwana goma sha biyu da 'yarsa budurwa. Matan lungu suka cika ƙofa suna yi masa ta'aziyya da Hausa da Larabci, ni ina raɗa masa inda zai ce amin. Da suka shiga ɗakinta ya cire takalmi, ya wuce kujerar da muka aro masa, ya zauna a tabarma, ƙafa ɗaya a naɗe, gwiwa ɗaya a tsaye, ya ɗora haɓa a kanta.

"La ilaha," in ji Rahamatu maƙwabciyarmu a hankali. "Ku dubi zaman Jawiya."

'Yar ta dubi mahaifinta, ta tattara siket ɗinta, ta zauna kusa da shi, tana gyara gwiwarta.