Ranar da Matan Tafoki Suka Zaɓi Mairo

Shekarar da soja suka ce za su miƙa mulki ga farar hula, Hajaratu ungozoma ta iso Tafoki cikin sabuwar a-kori-kura, da akwatin katako bisa cinya. Ƙungiyarsu ta sa-kai, mai suna Farkawa, ba ta kowace jam'iyya ba ce. Malaman makaranta ne da ma'aikatan asibiti ke bin ƙauyuka, tun daga Ƙanƙara har Sabuwa, suna koya wa mutane jefa ƙuri'a. Hajaratu aka bar wa mata, don babu gidan da ake hana ta shiga.

Mata suka cika tsakar gidan Goggo Dada, tsohuwar da duk garin ke jin maganarta. Hajaratu ta ɗaga takarda mai zanen tulu da ludayi, ta ce gwaji za a yi: kowace ta shiga bayan zana, ta taɓa tawada, ta dangwala yatsa kusa da wanda take so.

"Mu bar daka mu zo zaɓen ludayi?" in ji Goggo Dada. "In zaɓe ne, ɗiyata, a yi na gaske."

"To mi ya fi damun ku, Goggo?"

Wuri ya kaure. Rijiya! Tun damina ta rufta, sai rafi ake zuwa.

Hajaratu ta ce ai suna da kansila a Faskari, kuma sauraron irin wannan kuka shi ne aikinsa. Su zaɓi wadda za ta je ta gaya masa. Nan take aka tsayar da Talatu, matar mai unguwa, aka ba ta tulu. Wasu suka turo Mairo mai daddawa gaba, tana tirjewa tana dariya, aka ce ita ce ludayi.

Sai ga layi har bakin zaure. Mace ta shiga bayan zana, ta fito tana nuna wa kowa baƙin yatsanta. Wata ta tambayi Hajaratu a kunne ko Talatu za ta san wadda ta zaɓa.

"Ko ni ba ni sani," in ji Hajaratu.

Aka juye akwati bisa tabarma, ana ɗaga takardu, mata na amsawa baki ɗaya. "Tulu!" "Ludayi!" "Ludayi kuma!" Kafin a gama ludayi ya yi rinjaye, guɗa ta tashi. Mairo ta dafe ƙirji.

"Ni? Ni da ban taɓa shiga ofis ba?"

Talatu ta tashi, ta cire sabon mayafinta ta yafa mata.

"Je ki da wanga. Kuma kada ki yi ƙasa da murya, yadda kike talla haka za ki yi magana."

Salihu, mijin Mairo, da ya dawo gona ya ji labari, ya ce shi ma a tafi da shi, sai ya ji da kunnensa. Washegari motar ƙungiya ta kai su Faskari. Aka shigar da su gaban kansila, Alhaji Gide. Sai Mairo ta gyara mayafi.

"Ranka ya daɗe, Alhaji, ba ni na aiko kaina ba. Matan Tafoki suka zaɓe ni, da akwati da tawada."

Ya aje alƙalami, ya gyara zama, ya ce ta faɗi duka. Ta kuwa faɗi, har da labarin wata mai tsohon ciki da ta zame a bakin rafi.

Bayan Sallah babbar mota ta shigo Tafoki da siminti da masu haƙa rijiya. Mata suka fito da gudu, wasu da gari a hannu, suka yi ta taya sauke buhuna, magina na roƙon su matsa su ba su wuri.