Tsohon Babur ɗin Falalu

Ranar da labarin ya iske Saude tana tsakar gidansu a Gwiwa tana sussukar gero, saura shekara huɗu Turawa su tafi. Wani mai jaki ne ya yi sallama, ya ce an tsinci mijinta Falalu a gindin wata tsamiya a hanyar Roni, da rana tsaka. Ba jini, ba karaya. Babur ɗinsa yana tsaye a gefe, yana ta ruri shi kaɗai.

Tsohon babur ne baƙi, mai faffaɗan sirdi da jakunkunan fata biyu. Wani Baturen gona ya sha rangadi da shi, da zai koma ƙasarsu ya sayar wa Falalu. Bayan rasuwar ya koma hannun Maikasuwa, wani makanike a Kazaure. Mutum biyu suka ɗauka, duk suka mayar masa. Wai in rana ta take tsaka sai bayansa ya yi nauyi, kamar an yi goyo.

Damina biyu ta wuce, ɗanta Halliru ya sami aikin allurar shanu a En'e. Yau yana Roni, jibi ana nemansa a rugagen Babura, keke kuwa yana ba shi wuya a cikin yashi. Sai ya ƙwallafa rai a kan babur ɗin ubansa.

Halliru ɗan fari ne. Tun da Saude ta haife shi ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ba ta kuma duban idonsa. Dela, yayar Falalu, ita ta raine shi, ta bakinta suke magana.

Wata Alhamis da hantsi Maikasuwa ya kawo babur ɗin ƙofar gida. Halliru ya shigo ya durƙusa.

"Goggo, a gaya wa Inna in ta yarda zan saya."

"Ga ta nan zaune," in ji Dela, "ko kunnuwan nata ma ni aka ba ajiya?"

Saude ta juya wajen bango. "A ce wa yaron nan keken ai bai mutu ba."

"Ka ji. Ta ce ka yi ta taka keke har ƙafarka ta zama taɓarya."

Ya yi dariya. "Inna, ƙarfe ne fa. Baba kwanansa ne ya ƙare."

Maganar tana nan a bakinta: kada ka hau. Amma da wane ido za ta nuna wa mutane tana tsoro saboda ɗan fari?

"Shiru ma amsa ce," in ji Dela. "Je ka gwada."

Saude ta bi bayansa har zaure ta laɓe. Maikasuwa yana ta zuba har rana ta ɗaga sosai: inji lafiya lau, burki sabo, shi da kansa ya wanke tanki, sauran duk surutun mutane ne.

"To, Malam, me ya sa kake ta duban rana?" in ji Halliru.

"Baƙi na baro a gida."

Halliru ya hau ya buga, babur ya tashi. Lokacin inuwar kowa ta koma ƙarƙashin ƙafarsa. Saude tana kallo sirdin baya ya lotsa a hankali. Tayar baya ta nutse cikin yashi. Sai rigar Halliru ta tattare a kwiɓinsa, dama da hagu, yadda take yi in an riƙe mutum.

"Halliru!"

Shekara ashirin da shida, sai yau sunan ya fita daga bakinta. Ya waiwayo baki buɗe, ya ce, "Na'am, Inna."

Daga bayansa kuma, dab da kunnensa, aka sake faɗin sunan ƙasa-ƙasa. Muryarta ce sak, sai dai a hankali, kamar mai koyon magana.

Ya diro. "Na fasa," ya ce. Maikasuwa bai ja ba. Bai ma taɓa babur ɗin ba sai da aka yi la'asar.

Da sati ya zagayo Halliru ya dawo daga rangadi a kan kekensa, ya rame.

"Goggo, a tambayi Inna, ta je dajin Achilafiya shekaranjiya? Da rana tsaka na ji tana kirana, har sau uku."

"Ka amsa?" Saude ce ta tambaya, tana duban bango.

"Ban amsa ba. Na san ba kya kira."

"To, a gaya masa sau ɗaya na yi, ba na ƙarawa har in mutu. Kome ya ji kada ya amsa, kada ya waiwaya."

Halliru yana nan da ransa, har ya yi furfura. Ya ce har yanzu ana kira, amma ba kullum ba. Ita kuwa Saude, da ta ga inuwa ta fara shigewa ƙarƙashin rumbu sai ta je randa ta guntsi ruwa, ta zauna da shi a baki. Ba ta haɗiyewa sai rana ta karkata, don ta tabbata ba ita ce ke kiran ba.