Inda Ruwaida Ta Tsallake

Hassoumi bai yi lakwal mai nisa ba, kuma ba ya son a tuna masa. Aji biyu ya yi a Tawa, daga nan neman abinci ya jefo shi Montreuil, a gefen Paris, yana dakon akwatunan kifi a kasuwar Rungis. Faransancinsa ya ishe shi faɗa da direbobin kamyo. Karatu kuwa, sai dai a yi masa.

Mai yi masa ita ce ɗiyarsa Ruwaida. Ciwon sikila ya hana ta zaman aji, hukuma ta yarda ta yi karatu a gida. Tun tana ƴar shekara takwas ita ce bakin gidan: ita ke fassara maganar likitanta, ita ake aro in maƙwabciya za ta je awon ciki ko gaban alƙali. Yanzu shekararta sha huɗu, amma a idon Hassoumi jiya aka yaye ta.

Sai ga ƙanwarsa Biba, mai aiki a farmasi, kantin magani, a birnin Lyon, ta aiko wa yarinyar littafi mai kauri. Hassoumi ya juya shi. A bangon, mace ce tsaye bakin teku, kafaɗa a waje. Ya jefa shi akwati ya kulle, ya kira Lyon.

"Biba, kuna lafiya? Wane irin abu ne wannan?"

"Labari ne, Yaya. Na manya ne, amma ta kai."

"Wa ya ce ta kai? Ba za ta buɗe shi ba sai na san abin da ke ciki, daga farko har ƙarshe."

"To, wa zai karanta maka?"

Ya kashe waya, don tambayar ba ta da ladabi.

Ya yi ta tunani. Matarsa Fatou ba ta karatu. Salifou, abokin aikinsa, yana yi, amma in Salifou ya ji magana, har kifin Rungis sai ya ji. Saura mutum ɗaya.

"Ruwaida, zo nan. Karanta mini wannan, ki juya mini da Hausa. In na ji babu ɓarna, sai in ba ki izinin karantawa."

Ruwaida ta dubi uwarta. Fatou ta duƙa kan tukunya, kafaɗunta na rawa.

"To, Baba."

Kullum bayan la'asar, in ya tashi daga barcin gajiyar aikin dare, sai ya buɗe akwati. Labarin wata mata ne da mijinta ya tafi teku, da maƙwabcinta mai gyaran agogo da ke leƙo ta. Kafin mako ya zagayo, Hassoumi ya daina jan tasbaha lokacin karatu.

"Wannan maƙwabci ɗan halak ne," in ji shi. "Ko a Tawa irinsa sai an tona."

Wani lokaci Ruwaida takan yi shiru, idonta na gudu, ta juya shafi, ta sake juyawa, sannan ta ce, "Ya gyara mata agogo, ya tafi."

"Duk wannan gyaran agogo ne?"

"Ka san Nasara da dogon bayani, Baba."

Ya sani kuwa. In an gama, sai ya karɓi littafin ya kulle, kada yarinya ta gani.

Da hutu ya zo suka hau jirgin ƙasa zuwa Lyon, gidan Biba a unguwar Minguettes. Sai da aka ci shinkafa Hassoumi ya gyara zama.

"Na duba littafinki tas. Babu komai ciki sai haƙƙin maƙwabtaka, ƙarshe ma har haihuwa aka yi. Amma yarinya ta dakata sai baɗi. Akwai mutuwar wata tsohuwa a ciki, kada ta firgita."

Biba ta ajiye cokali. "Yaya, mijin shekara nawa ya yi a teku?"

"Biyu cur."

"Jaririn fa?"

Hassoumi ya ƙirga watanni da yatsu. Sai yanzu ya lura agogon matar littafin nan ya cika lalacewa. Ya juya wurin ɗiyarsa.

"Ke, me kika tsallake?"

Ta sunkuyar da kai. "Inda bai dace da kai ba, Baba. Ga kuma hawan jini."

Biba ta yi dariya har da hawaye. Fatou ta gudu kicin. Hassoumi bai yi dariya ba. Likitan Ruwaida ya faɗo masa a rai, yadda mutumin yakan daɗe yana magana fuska a ɗaure, ita kuma ta juyo ta ce, "Ya ce da sauƙi." Shi kuwa ya gyaɗa kai: Nasara da dogon bayani.

A jirgin komawa Paris ya yi ta fama da zoben makullansa har ya ciro na akwatin. Ya sa mata a hannu, yana kallon taga.

"Na yanke hukunci. Kin kai. Ni na ce, ba gwaggonki ba."

"Na gode, Baba."

"Kuma ranar da za mu koma wurin likita, ba na son gyaran agogo. Duk abin da ya faɗa, ki faɗa mini."

Ruwaida ta dube shi, ta daɗe tana dubansa, kamar mai auna kaya kafin ta aza wa ɗan dako.

"To, Baba," ta ce. "Za mu fara kaɗan-kaɗan."