Inda Yaya Take Sa Shuɗi

Ni dai tun farko na faɗa wa Farfesa, shugaban aikinmu, cewa dokar nan tasa ta hana magana za ta kashe ni. A ce mutum biyu suna ɗaki ɗaya, tebur na kallon tebur, suna karanta abu iri ɗaya, amma kada wani ya ce wa wani uffan a kai? Ni da a ofis ɗin nan ba a kirana da komai sai Aku? Ya gyara zaman tabarau ya ce, "Ai shi ya sa na zaɓe ki. In ke kika iya yin shiru, kowa ma zai iya."

Bari in yi muku bayanin aikinmu, don mahaifiyata har gobe cewa take yi wai ina koya wa kwamfuta kuka. Kuma ba ta yi nisa da gaskiya ba. Mu 'yan adabi ne, muna da tarin tsofaffin ƙagaggun labarai da aka ɗauki hoton shafukansu aka zuba a kwamfuta. So muke mu gano yadda marubuta suke nuna abin da ke cikin zuciya, da yadda abin ya sauya daga zamani zuwa zamani. Littattafan sun fi ƙarfin idon mutum ɗaya ko da zai daina barci, don haka na'ura muke koya wa ta taya mu. Sai dai kafin ta iya, dole mu nuna mata misalai.

A nan Injiniya yake shigowa. Ba injiniyan komai ba ne, lissafi ya karanta, amma tunda shi kaɗai firinta take jin maganarsa sunan ya bi shi. Shi ne yake yayyanka littattafan sakin layi sakin layi, ya cire sunan littafi, ya cakuɗa su, ya turo mana. Kowane guntu sai ka ba shi launi: ja fushi, rawaya farin ciki, kore tsoro, shuɗi baƙin ciki, toka kuma ba komai. Mutum biyu ake ba guntaye iri ɗaya, kowa ya yi nasa ba tare da ya leƙa na ɗan'uwansa ba. Inda suka dace, na'ura ta ɗauka ta koya. Inda suka saɓa, a zubar da guntun, a ce shara ce.

Abokiyar aikina ita ce Yaya. Ba cikinmu ɗaya ba, amma duk ofis haka muke kiranta, har Farfesa da furfurarsa. Ta gama digirinta na uku tun ina sakandare, kuma ita ta koya mini cewa ba a karanta littafi da gudu kamar ana bin ka. Da can ni da ita dacewa muke yi ƙwarai, har Injiniya yana kiranmu tagwaye, yana cewa ko dai muna yi wa juna alama da ƙafa a ƙarƙashin tebur.

Sai mijinta ya rasu, Allah ya jiƙansa, bayan ya daɗe yana jinya. Ta yi watanni ba ta zo ba. Ranar da ta dawo ta rame, amma tana shigowa ta fara faɗa a kan wanda ya bar butar shayi ba a wanke ba, muka ce alhamdu lillahi, Yaya ta dawo. 'Ya'yanta duk suna nesa. Wata rana da muke sauka daga bene ta ce mini, "Aku, ba don ofis ɗin nan ba, ban san abin da zai sa in yi wanka da safe ba." Ta faɗa ne tana dariya, ni kuwa ban yi dariyar ba.

Muka ci gaba da aiki kamar da. Fanka tana ƙara, Injiniya yana zuba wa furen taga ragowar shayinsa yana rantsuwa cewa da shi yake girma, ni ina cije leɓe don kada wata magana ta kufce mini. Wani lokaci in ɗaga kai in ga Yaya ta daɗe a kan guntu ɗaya, hannunta a kan haɓa. Na ɗauka gajiya ce.

Ranar taron ƙarshen zango muka zauna a gaban babban allo. Injiniya ya yi ta kame-kame, yana gyara wayar da ba abin da ya same ta. Da Farfesa ya matsa masa, ya nuna zanen sakamakon aikina da Yaya. Layin dacewarmu ya taho a sama, a sama, sai ya gangara, kuma daidai lokacin da Yaya ta dawo ya fara gangarowa. Wajen ja da kore da rawaya lafiya lau muke. Shuɗi ne matsalar. Yaya tana ta zuba shi a wuraren da ni na sa toka.

Farfesa mutumin kirki ne, ya yi ta juya biro kafin ya yi magana. "Yaya, kowa ya san abin da kika shiga. Ba laifi ba ne in ido ya ga baƙin ciki a ko'ina. Ina ganin mu ajiye abin da kika yi tun dawowarki a gefe, ki ɗan huta, ki riƙa duba mana masu ɗaukar hoton shafi."

Yaya ba ta yi fushi ba, kuma wallahi da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta naɗe hannuwa ta ce, "Ku cire, Farfesa. Ni ma na fara zargin kaina. Amma in karatun ne ya gagare ni, ba zan zauna ina ɗumama muku kujera ba. Gida zan koma."

Gida! Wane gida? Nan take raina ya ɓaci, bakina kuma da aka daɗe da ɗaurewa ya kwance. "Haba, Farfesa! Wa ya ce ni ce daidai? Don ni ban yi rashi ba sai tokata ta zama gaskiya? An rufe zango, dokar shiru ta ƙare. A fito mana da guntayen nan mu gan su da idonmu kafin a kori kowa."

"Ba wanda ya ce kora, Aku."

"To, sunanta ne kawai ba a kira ba."

Ya kalle ni ta saman tabarau, ya kalli Injiniya, ya ce, "Fito da su."

Na farko ya bayyana a allo. Wani mutum ya hau kujera, ya sauko da agogon bango, ya saita shi da rediyo, ya mayar, ya share ƙurar da ta taɓa masa hannu. Iyakar abin da ke ciki ke nan. Na ce, "To, Yaya, don Allah ina baƙin ciki a nan? Mutum ya gyara agogo."

Ta ce, "Dubi yadda aka bi shi daki-daki, har da hawa kujera. Wanda ya saba ba a ba da labarinsa haka. Wannan ba aikinsa ba ne, aikin wani ne ya faɗo masa."

Na biyu, wata mata a wurin mai burodi. Ya miƙo mata biyu, ta mayar da ɗaya, ya ce ko bai yi laushi ba ne, ta ce a'a, ɗaya ya isa. Ni toka na sa, har na tuna ina hamma lokacin. Yaya kallona kawai ta yi, na ji kunya ta rufe ni.

Injiniya ne kaɗai yake iya mayar da kowane guntu littafin da ya fito. Ba wanda ya sa shi, sai muka ji yana ta buga madannai yana magana shi kaɗai. Can ya ce, "Kai! Mai agogon nan, matarsa ta rasu babi biyu kafin nan. Ita take saita shi kullum." Ya sake bugawa. "Mai sayen burodin kuma ɗanta ne ya tafi." Muka ja kujeru muka kewaye shi. Wani yana yanka wa tsuntsu abinci, ashe tsuntsun na ƙanensa ne da ya mutu. Wata tana rage tsawon riga, ashe ta mahaifinta ce. Haka muka yi ta buɗewa, shayi ya huce a kofuna ba wanda ya kula.

Farfesa ya cire tabarau ya dafe goshi. Ku sani, mun kusa aika wata maƙala da muke taƙama da ita, wadda a ciki muka ce marubutan da can ba su cika rubuta baƙin ciki ba. Ashe mu ne muka koya wa na'urarmu cewa baƙin ciki sai inda aka ce hawaye ko kuka, domin a nan kaɗai mutum biyu suke dacewa. Duk wanda aka yi shi shiru, ko dai mun sa masa toka, ko mun kwashe mun zuba a shara da hannunmu, shekara da shekaru.

"Yaya," in ji shi, "ki yafe mini. Ba inda za ki. Kwandon sharar nan za mu zazzage gaba ɗaya, kuma ke za ki ja mu."

"Ni kuma fa?" in ji ni.

"Ke za ki ci gaba da yin shiru."

Aka yi dariya, har Yaya. Ni dai daɗi ya cika ni, na tashi na sake ɗora ruwan zafi. Saura guntu ɗaya, Injiniya ya ce bari ya ƙarasa. Wata mata ce ta wanke kofin mijinta, ta goge shi, ta ajiye a kan kanta, ta juya mariƙin ya kalli hagu don shi bahago ne. Wannan ko ni yanzu da shuɗi zan ba shi. Na ce, "Ba sai ka duba ba, mun sani."

Amma ya riga ya buɗe. Na ga yana gangara da shafi, ya koma sama, ya sake gangarowa. Ya kalle ni kamar mai neman a cece shi.

"Mene ne?" in ji Yaya.

"Babu komai, Yaya. Wannan dai, wato, bai mutu ba. Kasuwa ya tafi. A shafi na gaba yake dawowa."

Na buɗe baki zan ce ai kuskure ɗaya ba komai ba ne, kowa yana yi, ta ɗaga mini hannu. Ta matso da kujerarta dab da allon, ta sa tabaranta.

"Juya mini shafin, ƙanena."

Ya juya. Ta karanta a hankali, leɓɓanta suna motsi. Mutumin ya turo ƙofa, yana mitar rana, yana tambaya ko akwai ruwan sanyi. Matar ta ce masa ya cire takalmi tukuna, ta share ɗakin. Suka ɗan yi musu a kan wani abin banza. Yaya ta kai ƙarshen shafin, ta koma farkonsa ta sake karantawa, mu kuma muna tsaye a bayanta ba wanda ya motsa.

Sannan ta kama linzamin kwamfutar da kanta, ta goge shuɗin, ta sa toka.

"Wannan ku gyara," ta ce. "Ita nata ya dawo."